Ƴan Matan Giwa: tarihin kulob ɗin ƙwallon kwando na First Bank da abin da yake koya mana a Damargu

Tun ranar da muka karanta labarin a shirinmu na wasanni, wayar gidan rediyo ba ta huta ba. Labarin shi ne shugaban Najeriya Bola Ahmed Tinubu ya yi wa kowace ƴar wasa ta D'Tigress, wato ƙungiyar ƙasar ta mata ta ƙwallon kwando, kyautar dalar Amurka 100,000 da gida da lambar girma. In aka juya kuɗin zuwa namu, sun haura miliyan 50 na CFA ga mutum guda. Sun samu wannan ne bayan sun doke Mali da ci 78 da 64 a birnin Abijan ranar 3 ga Agusta 2025, suka ɗauki kofin Afirka karo na biyar a jere, na bakwai ke nan a tarihinsu.

Wasu sun kira suna mamaki, wasu suna dariya, wasu kuma suna cewa ai wannan ba zancenmu ba ne. Amma wani dattijo daga wajen Gangara ya yi tambayar da ta tsaya mana a rai. Ya ce shi ba kuɗin ne ya dame shi ba. So yake ya san wa ya raini waɗannan yara kafin duniya ta san su, a ina suka koya, kuma wa yake ciyar da su a shekarun da ba kofi ba kyauta.

To, Baba, amsar tambayarka ita ce kulob. Kuma in ana maganar kulob ɗin mata na basket a wannan yanki namu na Afirka ta Yamma, sai an ambaci First Bank ta Legas, wadda ake yi wa laƙabi da Elephant Girls, wato Ƴan Matan Giwa. Mun zaɓi mu bi tarihinta ne domin a cikinsa akwai tashe, akwai sanyi, kuma akwai darasi ga mu da ko fili mai kyau bai wadace mu ba.

Giwa ta banki

Kulob ɗin mallakar bankin First Bank ne, tsohon bankin da aka kafa tun 1894, wanda giwa ce tambarinsa. Daga nan laƙabin ya samo asali. Banki ne ke biyan ƴan wasa da masu horarwa, shi ke sayen kayan wasa, shi ke ɗaukar nauyin tafiye-tafiye. Wannan shi ne abin da ake nufi da wasan ƙwararru: yarinya ta tashi da safe ta tafi atisaye kamar yadda ma'aikaci ke tafiya biro, ƙarshen wata kuma ta karɓi haƙƙinta.

A 2003, a Maputo babban birnin Mozambik, First Bank ta ɗauki kofin zakarun kulob-kulob na mata na Afirka. A wannan shekarar ce kuma ƙungiyar ƙasa ta Najeriya ta ci kofin Afirka na farko. Shekara guda bayan haka, a wasannin Olamfik na Atina, matan Najeriya suka doke Koriya ta Kudu da ci 68 da 64, nasarar farko da wata ƙungiyar mata ta Afirka ta samu a basket na Olamfik. A 2005 suka sake cin kofin Afirka a Abuja. A wancan zamani, ƙarfin kulob na gida da ƙarfin ƙungiyar ƙasa tare suke tafiya.

A 2009 First Bank ta sake ɗaukar kofin Afirka a Kwatano, nan maƙwabciyarmu Benin. A 2011 aka kawo gasar har gida Legas, ta kai wasan ƙarshe, amma Interclube ta Angola ta doke ta. Tun daga nan kofin nahiya bai koma hannunta ba. Ta sha ƙarewa ta uku, yayin da kulob-kulob na Angola da Mozambik, daga baya kuma na Masar, suka riƙa karɓa-karɓa da kofin.

A cikin gida ma haka abin ya kasance. Tun 2005 bankin Zenith ke ɗaukar nauyin gasar mata ta Najeriya, kuma a shekarun farko First Bank ce ke cin karenta babu babbaka. Sai First Deepwater ta taso ta riƙe kambun shekara huɗu a jere, daga 2010 zuwa 2013. Dolphins ta Legas ta ci a 2015. First Bank ta dawo ta karɓe a 2016, ta riƙe har zuwa 2019 lokacin da Air Warriors ta Abuja ta ba kowa mamaki. Daga baya MFM ta ci a 2023 da 2024. Giwa dai tana nan da ranta, ana jin tsoronta, amma dajin ba nata ba ne ita kaɗai yanzu.

Kowace ƙungiya da uban gidanta

In muka duba sunayen nan da kyau, za mu ga abu ɗaya. First Bank ta banki ce. First Deepwater ta wani kamfanin harkar man fetur ce. MFM ta wata majami'a ce. Dolphins kuwa marigayi Wale Aboderin, shugaban kamfanin jaridar Punch, shi ya kafa ta da kuɗin aljihunsa. A Angola, Primeiro de Agosto ta soja ce, Interclube ta ƴan sanda. A Mozambik, Ferroviário ta kamfanin jirgin ƙasa ce. Mu ma nan Nijar mun san wannan tsari a ƙwallon ƙafa: AS FAN, AS Police, AS Douanes, AS GNN, Nigelec da Sonidep, duk kowace tana da ma'aikata ko kamfanin da ta jingina da shi.

Ma'anar wannan ita ce kulob ɗin mata a Afirka ba da kuɗin tikiti yake rayuwa ba, ba kuma da kuɗin talabijin ba. Da yardar mutum ɗaya ko ma'aikata ɗaya yake rayuwa. Muddin uban gida yana da hali kuma yana da sha'awa, sai a ga kofi. Ranar da aka canza shugaba, ko kasuwa ta juya baya, ko mai kulob ya rasu, sai ƴan wasa su shiga zullumi. Abin da ya bambanta First Bank da sauran shi ne uban gidanta ya daɗe bai janye hannu ba. Sama da shekara ashirin ke nan tun kofin Maputo kuma kulob ɗin na fita fili. A wasan mata na Afirka, wannan daɗewar ma nasara ce.

Kada a ɗauka matsalar talauci ce ta Afirka kawai. A Amurka, inda aka ƙirƙiro wasan a 1891, gasar mata ta ƙwararru ta WNBA ta fara a 1997, kuma Houston Comets ce ta ci kofi huɗu na farko a jere, daga 1997 zuwa 2000, da taurari irin su Cynthia Cooper da Sheryl Swoopes da Tina Thompson. A 2007 mai kulob ɗin ya sayar da shi. Sabon mai shi bai iya riƙewa ba, aka nemi mai saye aka rasa, a watan Disamba 2008 aka rufe kulob ɗin aka rarraba ƴan wasan ga sauran ƙungiyoyi. Cikin waɗanda suka buga wa Houston har da Mfon Udoka ta Najeriya da Hamchétou Maïga ta Mali. Kofi huɗu ba su hana a kulle ƙofa ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Rikicin manya, asarar yara

Ko uban gida ya tsaya tsayin daka, kulob ba ya wasa shi kaɗai. Yana buƙatar gasa mai tsari, gasa kuma tana hannun hukumar wasan. A nan ne Najeriya ta yi tuntuɓe. A watan Yuni 2017 aka yi zaɓe biyu na shugabancin hukumar ƙwallon kwando ta ƙasar: ɗaya a Kano wanda ya ba Tijjani Umar nasara, ɗaya a Abuja wanda ya ba Musa Kida. Shekaru aka kwashe ana ja-in-ja. Bayan gasar 2019, annobar korona da wannan rikici suka haɗu suka sa gasar mata ta yi dogon barci. Ku yi tunanin yarinya ƴar shekara 19 da ke ganiyar ƙarfinta, a ce mata ba gasa bana, ba gasa baɗi. Shekarun ɗan wasa ba su da yawa, kuma ba a mayar da su.

Ƙungiyar ƙasa ma ba ta tsira ba. A watan Oktoba 2021 ƴan wasan D'Tigress suka fito a bidiyo suna kukan ba a biya su alawus da ladan wasanninsu ba. A watan Mayu 2022 gwamnatin Muhammadu Buhari ta sanar da janye Najeriya daga wasannin basket na duniya na shekara biyu. An janye matakin bayan ƴan makonni, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe: hukumar FIBA ta ba Mali gurbin Najeriya a gasar cin kofin duniya ta wannan shekara a Sidni. Yaran da suka yi gumi suka samo gurbin, a gida suka kalli gasar.

Duk da haka suka tashi. A 2023 a Kigali suka ci kofin Afirka ƙarƙashin Rena Wakama, mace ta farko da ta kai wata ƙungiya ga wannan kofi a matsayin mai horarwa. A Olamfik na Paris a 2024 suka doke Ostareliya da Kanada, suka zama ƙungiyar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen ƴan takwas a basket, kafin Amurka ta fitar da su. Ita kanta Rena Wakama ta taɓa sanya rigar First Bank a gasar kulob-kulob ta Afirka.

Sai dai a nan akwai gaskiyar da ya kamata mu faɗa. Galibin taurarin D'Tigress na yau a Amurka aka haife su ko a can suka yi karatu, kuma a Turai da Amurka suke wasa. Makarantun Amurka ne suka raine su, ba gasar Legas ba. Ba laifi ba ne, ƴan ƙasa ne kuma sun amsa kira. Amma kofin da suke ɗauka yana rufe ramar gasar cikin gida. Najeriya tana da miliyoyin ƴaƴa a waje da za ta iya kira. Mu Nijar ba mu da wannan rumbun, kuma Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Abin da ya fi kusa da mu shi ne misalin Murjanatu Musa. A gasar gida ta fito, tana cikin Air Warriors da ta ci kofi a 2019, daga nan ta tafi Sifen, ta wuce Faransa, har a 2025 ta buga wa Phoenix Mercury a WNBA. Wannan ita ce hanyar da kulob na gida ke buɗewa in an bar shi ya yi aiki. A arewacin Najeriya ma akwai masu ƙoƙari: AHIP Queens ta Kano, Kada Angels ta Kaduna da Plateau Rocks ta Jos duk sun buga gasar Zenith. Kano dai ba baƙuwarmu ba ce, addininmu ɗaya, al'adarmu ɗaya, kuma an samu iyayen da suka bar ƴaƴansu mata suka yi wasan.

Mali ita ce madubinmu

In akwai ƙasar da ya kamata mu kalla, Mali ce. Ƙasar Sahel ce kamar tamu, ta Musulmi, mai fama da fari da rashin tsaro. Amma Djoliba ta Bamako ta ci kofin kulob-kulob na Afirka a 2005, ƙungiyar ƙasar ta ci kofin Afirka a 2007 a Dakar, kuma ƴan matansu na ƙasa da shekara 16 sun daɗe suna mamaye gasar nahiya. Su ba daga Amurka suke ɗebo yawancin yaransu ba. A unguwannin Bamako da sauran garuruwa suke raino, tun suna ƙanana.

Amma Mali ta kuma nuna mana ɗaya fuskar. A 2021 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fito da rahoton cin zarafin ƴan wasa mata matasa a ƙungiyar ƙasar, FIBA ta sa aka yi bincike, aka kuma kama wani mai horarwa. Don haka uban da ya ce yana tsoron sakin ƴarsa ga wasu maza su tafi da ita wani gari da sunan wasa, ba jahilci ne ke damunsa ba. Tsoronsa yana da tushe, kuma duk mai son kafa ƙungiyar mata sai ya fara amsa wannan tsoron kafin ya sayi ƙwallo.

Maganar sutura kuwa, an wuce wurin. A 2014 matan Katar sun fice daga wasannin Asiya saboda an hana su wasa da ɗankwali. A 2017 FIBA ta canza dokar, kuma tun ranar 1 ga Oktoba na wannan shekara mace na iya buga wasan hukuma da kanta a rufe. Doguwar riga da dogon wando na wasa ma ana sa su. Yarinyar Falanko ba sai ta ajiye tarbiyyar gidansu ba kafin ta shiga fili.

To mu fa, a Damargu?

Mu faɗa wa juna gaskiya: kulob ɗin ƙwararru na mata a Tanut ko Belbeji ba zancen bana ba ne. Muna da hukumar wasan ta ƙasa, FENIBASKET, muna da babban zauren wasanni na Palais du 29 Juillet a Yamai, mun karɓi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci a Disamba 2005, kuma Nigelec ta maza ta shiga wasannin share fagen gasar BAL a 2019. Amma kusan komai a Yamai yake tsayawa. A nan karkara, in an ce wasa, kokowa ce da ƙwallon ƙafa da langa, kuma duk na maza ne. Yarinya in ta taso daga lakwal, rijiya da daka da surfe ke jiran ta.

Kuma akwai babbar matsalar da ta fi ta fili. Alƙaluman UNICEF sun nuna kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin su cika shekara 18. A Disamba 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare karatun ƴa mace har zuwa shekara 16, daga baya kuma aka fara gina makarantun kwana na ƴan mata, irin ta Kelle a nan jihar Damagaram. Shekarun da ake gano ƴar wasa, daga 12 zuwa 16, su ne dai shekarun da yaranmu mata ke barin aji. Don haka maganar basket ta mata a wurinmu maganar makaranta ce. Ƙungiyar da ta sa sharaɗin sai mai zuwa aji za ta yi wasa, ta ƙara wa yarinya dalili guda na zama a kolej.

Wasan kuma ba shi da tsada kamar yadda ake zato. Cikakken fili mita 28 ne a tsawo, 15 a faɗi, kwandon kuma mita 3.05 daga ƙasa. Mutum biyar-biyar ake bugawa. Akwai ma na uku-uku, wanda rabin fili da kwando ɗaya sun isa, kuma shi ma ya shiga Olamfik tun wasannin Tokyo. Daɓen siminti, ƙarfe daga wajen mai walda, allo, da ƙwallo biyu ko uku. Kuma ana iya yin sa cikin katangar makaranta, inda iyaye mata za su zo su zauna su gani da idonsu. Damargu kuwa Allah ya hore mana dogayen yara, Hausawa da Buzaye da Fulani da Dagra, duk wanda ya je kasuwar Tanut ya gani.

Darasin da muka ɗauka daga tarihin Ƴan Matan Giwa guda huɗu ne.

Na farko, kada a jingina da mutum ɗaya. Ɗan siyasa ko attajiri zai iya ba da riguna a yi hoto, amma ranar da ya juya baya shi ke nan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A haɗa hukumar komin, ƙungiyar iyayen yara, ƙungiyoyin mata masu adashi, da ƴan kasuwarmu da ke Damagaram da Agadas da Kano, kowa ya san abin da ya ɗauka a shekara.

Na biyu, kamfanonin da ke cin arziki a ƙasarmu su dubi misalin First Bank. Matatar mai ta SORAZ, wadda aka buɗe a Nuwamba 2011, a cikin gundumar Tanut take, wajen Bakin Birji. Kamfanonin waya ma a kowane ƙauye suna sayar da kati. Gina fili ɗaya a kowane kolej na Tanut, Belbeji, Gangara, Olalewa da Falanko ba abin da zai girgiza asusunsu ba ne. Amma sai mun rubuta, mun je, mun nema. Zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Na uku, amana kafin kofi. Mace ta kasance cikin masu horarwa ko masu rakiya, kada a yi tafiya ba tare da uwa ko malama ba, a tashi atisaye kafin magariba, a kuma shawarci malamai da masu gari tun daga farko.

Na huɗu, gasa mai ɗorewa ta fi biki na rana ɗaya. Mun ga yadda rikicin kujera ya kashe wa ƴan matan Najeriya shekaru. Gara ƙaramar gasa tsakanin kolej huɗu ko biyar, a lokacin sanyi bayan an gama girbi, ana yin ta kowace shekara ba fashi, da gagarumin buki sau ɗaya a watse.

Ba mu ce kowace yarinya za ta zama Murjanatu Musa ba. Cikin ɗari, wataƙila ɗaya ce za ta kai Yamai. Sauran za su samu lafiyar jiki, su saba da aiki tare, su daɗe a makaranta, wasunsu su dawo su zama malaman motsa jiki da muke rashi. Wannan ma riba ce.

Baba na Gangara, ka tambaya wa ya raini waɗancan yara. Wasu makarantun Amurka ne, wasu kuma kulob-kulob irin First Bank da Air Warriors, waɗanda suka ciyar da su lokacin da ba wanda ya san sunansu. Namu yaran suna nan suna jiran wanda zai fara. A shirinmu na wasanni mai zuwa za mu buɗe layi kan wannan batu, kuma muna so mu ji daga iyaye mata da malaman makaranta da su kansu ɗalibai. Wanda ke da fili a makarantarsu, ko da ya lalace, ya kira ya faɗa mana halin da yake ciki.